Tsinke a Cikin Huhun Goro

Masu bin labarin nan, sallama gare ku. Waɗanda suka cika mini waya da "yaushe biki?" su nemi wuri su zauna, yau ba guɗa na zo da ita ba.

Ga wanda yanzu ya shigo: sunana Fadila, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da ƴan aji huɗu a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Kore Mairuwa. A garinmu, ashirin da bakwai babu aure ciwo ne da kowa ya san maganinsa. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, wata goggona ta rantse doguwa ce ta hana ni miji. Ni na san ciwona. Duk wanda ya zo zance, da ya buɗe baki sai in fara hamma. Ma'azu ne kaɗai ban yi wa hamma ba.

Shekararsa talatin da takwas, matarsa Amatullahi ta rasu shekara uku da suka wuce. Ba ya dariya da haƙora. Duk takardar da ta faɗo hannunsa sai ya karanta, har wadda aka ƙunso ƙosai a ciki. Kowace Laraba yakan taso daga Dogon Dutsi a kan moto, babur ke nan, ya ɗauki wani farin akwati a gidan likitar garinmu ya kai labo, ɗakin gwajin da ke can Dutsi. Ran Juma'ar nan aka shirya kawunnansa za su zo wurin Baffa Rabilu, ƙanen marigayi babana, da goron neman aure. A Dutsi suka sayi goron, domin Inna ce mai goron garinmu, kuma ba a sayen goron neman ɗiya a hannun uwarta.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin akwatin.

A farkon bazarar nan Madam Hindatu, ungozomar gidan likita, ta tara matan unguwa daga mai shekara talatin zuwa sama, ta yi musu bayanin sankarar bakin mahaifa. Ta ba kowace wani dogon tsinke mai auduga a kai, cikin siririyar roba mai murfi. Ba sai an kwantar da ke an duba ki ba. Ke da kanki, a ɗakinki, za ki shafo daga ciki, ki mayar da tsinken cikin robar, ki rufe, a rubuta suna da ranar da kika yi a takardar da ke manne a jiki. A labo za su duba ko kina ɗauke da ƙwayar cutar da ke jawo sankarar. Ta nanata ƙa'idar da aka ba su har sau uku: a bushe ake son sa, kada ya sha rana, kuma kada ya wuce kwana goma sha huɗu bai isa labo ba.

Na yi mamaki da Inna ta karɓa. Na fi mamaki da ta kira ni wata ranar Alhamis da hantsi, ta miƙo mini robar a naɗe cikin gefen zane, idonta na kan bango, ta ce, "Rubuta musu abin da sunka ce." Na rubuta sunanta da kwanan wata. Har na so in rungume ta, amma Inna ba a rungumarta.

Ina da dalilin murna. Shekararta arba'in da takwas, kuma tun bara ta ce al'adarta ta ɗauke. Amma wata uku ke nan ina ganin tana wanke zane da kanta a bayan ɗaki, tana shanyawa inda ido ba ya kaiwa. Na taɓa leƙa ruwan wankin. Ban tambaye ta ba. A gidanmu an fi yafe wa mai sata a kan mai irin wannan tambaya.

Ta ce za ta kai robar da kanta. Teburin goronta yana bakin titi, daidai ƙofar gidan likita, taku ashirin ne. Na yarda.

Talatar da ta wuce na taso lakwal da tsakar rana, kwalta na tururi, hijabina ya manne mini a wuya. Inna ta tafi barkar haihuwa, ta bar saƙo in yayyafa wa goro ruwa. Wanda bai tashi a gidan mai goro ba bai san goro jariri ne ba. Yana kwance cikin huhu, ganye a sama ganye a ƙasa, jiƙaƙƙen buhu a kai, a kusurwar ɗaki mafi sanyi. Kullum a buɗe, a tsince mai tsutsa, a yayyafa ruwa, a rufe. Na ɗaga buhun, na sa hannu ina juyawa, sai yatsana ya taɓa abin da ba goro ba.

Robar Inna ce, kwance a tsakiyar farin goro kamar ita ma sayar da ita za a yi. Takardar jikinta ta jiƙe ta yi laushi, rubutuna ya narke ya zama shuɗin tabo. Na lissafa da yatsu. Kwana goma sha biyu.

Na zauna a ƙasa. Na tashi. Na fita tsakar gida na dawo. Na ɗora tukunya ban hura wuta ba. Da Inna ta yi sallama, da lufayarta ruwan ƙwai da ƙullin cincin a hannu, robar na kan tabarma a gabana.

Ta dube ta, ta dube ni.

"Ruwa na ce ki yayyafa, ban ce ki yi haƙar rijiya ba."

"Inna, kin ce kin kai."

"Na ce za ni kai. Ke malamar lakwal ce, kin san bambanci."

"Kwana goma sha biyu! Kuma cikin goro?"

"To ina kike so in sa shi? Ba cewa anka yi kar ya sha zahi ba? Duk gidan ga ina ya kai huhu sanyi? Ni da ke ajiye goro wata shida bai yi tamoji ba, wanga ɗan tsinke zai gagare ni?"

"Goro ruwa yake so. Wannan a bushe aka ce."

"Su sunka sani."

Ta cire lufaya ta ninke a hankali, ta ɗora a kan akwatin ƙarfe, ta gyara kwanonin da ba su karkace ba. Na ce, "Me ya hana ki kaiwa?"

Ta juyo. "Wa ke ɗaukar akwatin?"

Na kawar da kai.

"Tambayarki nake. Wa ke ɗaure shi bayan moto, ya jingina bayanshi a kai tun daga nan har Dutsi?"

Ku da ke karatu daga manyan birane, kada ku yi saurin dariya. Tun ranar da Ma'azu ya fara sallama a gidanmu, Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "wancan na Dutsi" take cewa. In ya biyo ta gaban teburinta, tun daga nesa yake kashe moto, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa ƙasa. Ba ta cin abinci inda zai gani. Ko ruwa ba ta sha.

"Abin da ya hito daga jikina," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "daga inda ke kanki kika hito, shi zan ba surukina ya goya? Fadila, ina da rai?"

"Bai san na wa ba ne, Inna. A rufe akwatin yake."

"Ni na sani."

"To sai yaushe?"

"In an gama sha'aninku, in na tahi Dutsi sarin goro, in kai musu da hannuna."

Na zura robar a jaka na fita, ban ko canza takalmin wanka ba.

Madam Hindatu tana cin dambu a bayan teburinta. Ta goge hannu, ta ɗaga robar wajen taga, ta juya ta. A cikin murfin akwai ɗigon raɓa.

"Wannan kuma daga wace rijiya?"

"Huhun goro."

Ta rufe ido. "Na ga wadda ta sa a randa. Na ga wadda ta turara shi da turaren wuta don kada ƴan labo su ji wari. Goro dai yau na fara gani." Ta ajiye. "Ba suna, ba kwanan wata, ga danshi. Ko sun karɓa, in suka ce ba su ga komai ba, ni ba zan yarda da amsar ba. Amsar ƙarya ta fi rashin amsa haɗari, don mace za ta koma gida ta saki jiki."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da sabuwar roba a cikin ledarta.

"Ita kaɗai ta rage. Gobe ne ɗaukar ƙarshe ta wannan zagaye, ban san ranar da za a sake kawo wasu ba. Ta yi yau ko gobe da sassafe."

"Madam, in na shiga mota na kai da kaina fa?"

"Ba su karɓa a hannu. Sai cikin akwati, da takardar rakiya, da sa hannun mai ɗauka. Kuma mutum ɗaya ne mai ɗauka, kin fi ni saninsa."

"In ce mata ni na kai?"

"Innarki da ke zaune a ƙofata tun safe har la'asar? Ta san adadin allurar da nake yi a rana. Kuma Alƙur'ani za ta ɗora miki."

Gaskiya ta faɗa. Sai na gaya mata maganar zanen da ake wankewa a ɓoye. Ta ture kwanon dambun gefe.

"Tun yaushe?"

"Wata uku da na sani."

"Fadila, wannan ya wuce maganar tsinke. Mai zubar jini bayan al'ada ta ɗauke, dubawa take buƙata, ko me tsinke ya ce. Ba lallai abin da kike tsoro ba ne. Amma ki kawo mini ita. In tsinken ne zai sa ta tsallako titi, to ya yi aikinsa."

Na fito na tsaya a gindin dogon yaro. Wayata ta yi ƙara, Ma'azu ne a WhatsApp.

"Kawu ya sa an wanke babbar rigarsa. Rabonta da ruwa tun zaɓen da ya wuce. Ki shaida girman da aka ba ki."

Ban yi dariya ba. Na kira shi.

"Ma'azu, in tambaye ka. In mace ta ƙi ba da nata saboda kunyar mai ɗaukar akwati?"

"Ni lamba nake ɗauka, ba mata ba. Ko tawa uwar ce a ciki ban sani ba."

"In ita ta sani fa?"

Ma'azu ba wawa ba ne. Mace ɗaya ce a duk Arewa take jin kunyarsa.

"Amatullahi wata goma sha ɗaya ta ɓoye mini ciwonta," in ji shi. "Ɗaki ɗaya, gado ɗaya. Da muka isa Yamai likita ya tambaye ni me ya sa muka daɗe. Na ce masa tarbiyya gare ta. Ranar zaman makoki kowa yabonta yake, wai ba a taɓa jin ta ce wayyo ba. Har yau in na ji ana yabon mace da kunya sai in duba ko an fara haƙa kabari."

"Me zan yi?"

"Ban sani ba. Ni mai moto ne. Ƙarfe tara nake isowa, tara da rabi na tafi."

Da na koma gida la'asar ta yi. Inna na tsakar gida tana tsince goro a faifai, ja gefe, fari gefe. Na ajiye sabuwar robar a bakin faifan.

"Waccan ta lalace. Wannan ce ta ƙarshe. Gobe za ta tafi."

"Da wa?"

"Kin sani."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "To ji nan, tunda kin zama likita. In ya ɗauki abin ga, ba shi zama surukina. In zai zama surukina, ba shi ɗauka. Ki zaɓa."

Ta faɗe shi a natse, kamar mai faɗin farashin da ta san ba za a taya ba. Shekara bakwai tana kuka a kan aurena. Ta san yadda na ƙi kowa na so wannan, ta san saura kwana uku. Ta tabbata ta rufe ƙofa.

Sai na lura da hannunta. Goro ɗaya take ɗauka tana ajiyewa, tana sake ɗauka. Fari ne, tana ta sa shi cikin ja. Inna da ke rarrabe goro ido rufe.

A nan na gane. Kunyar gaskiya ce, ban ce ƙarya take ba. Amma akwai abin da ya ɓuya a bayanta, kamar yadda robar ta ɓuya a cikin huhu. Inna ba ta son amsar. Ta ga ruwan wankin nan kafin ni.

Kada ku ɗauka jaruma ce ni. Na tuna atamfa shuɗiya da na kai ɗinki, na tuna goggonnina da bakinsu, na tuna ɗakin da Ma'azu ya ce ya sa an yi wa sabon shafe, ya kuma kafa katako don littattafaina. Na tuna wa zai sake zuwa wurin mai ashirin da bakwai da ta kori wanda ya zo. Har na ce a raina, a bari a ɗaura, daga baya a san dabara. Amatullahi ma na tabbata "daga baya" ta yi ta cewa.

Na fito da waya, na danna saƙon murya, na ɗaga ta yadda Inna za ta ji.

"Ma'azu, Fadila ce. Ka faɗa wa kawunnanka kada su zo ran Juma'a. Na fasa. Daga yau ba komai tsakaninka da gidanmu. Gobe ka zo ka yi aikinka."

Na saki. Alama biyu suka fito, suka yi shuɗi.

Faifan ya zame daga cinyarta, goro ya watse har bakin murhu.

"Kin haukace? Ke! Maido shi! Goge abin nan!"

"Ya riga ya ji."

"Mi zan ce ma Rabilu? Mi zan ce ma mutane? Don ɗan tsinke?"

"Ke kika ce in zaɓa. Miji ana sakewa, Inna."

"Rufe mini baki, marar kunya!"

"Na gode Allah."

Ta ɗaga hannu, na tsaya. Hannun ya daɗe a sama, sannan ya sauko a kan gwiwarta. Wayata ta yi ƙara. Kalma ɗaya ya rubuto, ta Faransanci: "Dakor," wato na yarda. Ban san me na so ya ce ba, amma kalmar ta soke ni.

Na durƙusa ina tsince goron daga ƙasa. Da na ɗago, robar ba ta bakin faifai.

Ran Laraba ban je lakwal ba, na aika cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Ƙarfe takwas Inna ta fito da lufaya baƙa, hannunta a dunƙule cikin mayafi. Ta ce, "Tsare mini tebur." Ta tsallaka titi. Taku ashirin ne, na ƙirga mata su. Na zaci za ta miƙa ta juyo. Madam Hindatu ta riƙe hannunta, suka shiga ciki, aka ja labule.

Minti arba'in. Na sayar wa wani tsoho ja a madadin fari, ya zage ni, na ba shi haƙuri. Da ta fito, fuskarta ba ta faɗa mini komai ba. Ta zauna ta gyara mayafi.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce in tahi Dutsi ran Litinin, akwai wanda zai ƙara dubawa. Matsa, kin zauna mini a kan tsumma."

Tara daidai muka ji moto. Bai kashe daga nesa ba. Ya wuce mu ya shiga gidan likita, ya fito da farin akwatin, ya ɗaure da igiyar roba, ya ja ya gwada. Sannan ya tako zuwa teburinmu, takalminsa a ƙafa, ya tsaya a tsaye kamar kowane baƙo. Ni ko kallo ban samu ba.

"Mai goro, ina kwana. A ba ni fari ɗaya na hanya."

Inna ta ɗago. Karon farko ke nan ta ga fuskarsa sosai, da furfura uku a gemu da idon wanda ya san hanyar Yamai. Ta zaɓi babba ta miƙa masa hannu da hannu.

"Ma'azu," in ji ta. Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar sabon takalmi. "Rana na da zahi. Ka rufe akwatin nan da wani abu."

"Akwatin na da nasa sanyi, Hajiya."

"Duk da haka." Ta jawo tsumman da take rufe goro.

"Inna," na ce, "jiƙaƙƙe ne."

Ta dubi tsumman, ta ajiye. Ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta, busasshe, ta ba shi. Ya shimfiɗa a kan akwatin, ya soke gefunan cikin igiya, ya hau. Muka bi shi da ido har ya haura kwalta ya zama ɗigo.

Da azahar Baffa Rabilu ya zo ya yi faɗan da ya kawo, ya kira ni abin da ya kira ni, ya tafi. Da la'asar saƙo ya shigo.

"Kaya sun isa, an sa hannu. Amsa sai nan da mako uku. Wata tambaya, ba ta neman aure ba, ta sana'a: Kawu na da goro ƙwarya biyu da ba inda za a kai shi. Ki tambayar mini mai goron garinku yadda ake ajiye shi, kuma har yaushe yake kaiwa."

Na karanta wa Inna, kalma bayan kalma. Tana yayyafa wa huhu ruwa, ba ta juyo ba. Na san uwata, tun da nake ban taɓa ganin ta tofar da magana ta dawo ta lashe ba.

Ta rufe ganyen, ta ja buhun, ta danna gefe da gefe.

"Ki ce mai ya sa a inuwa, ya riƙa dubawa kullum, ya cire mai tsutsa tun ba ta ci sauran ba." Ta goge hannu a zane. "In an kula da shi yana kai wata shida. In ya wuce nan, ko ni ban iya yi mai komi."

Na rubuta masa yadda ta faɗa. Sannan na ɗauko alli na je bayan ƙyauren ɗakina, inda ba ta dubawa, na ja layi ɗaya, ranar farko cikin wata shidan.